Shekara Bakwai Bayan Yaya Luba: Tambayar da Mijinta Yake Yi

Da kakar bana Yaya Luba ta cika shekara bakwai da rasuwa. Ita ta goya ni, ita kuma ta sayar da akuyarta ta saya mini keken ɗinkin da nake ci da shi a kasuwar Sabon Birni.

Ciwon ya fara mata da zubar jini ba lokacin al'ada ba. Ta ɓoye. Abin da ya fi damunta salla ce, har ta aika a tambayo mata malami ko ya halatta ta yi. Sai ranar da ta faɗi a bakin turmi a ƙauyen Tsamaye muka sani. Na ɗauke ta a babur zuwa asibitin Isa, aka tura mu Sakkwato. Likita ya ce sankarar bakin mahaifa ce, kuma ta yi nisa. Ya bayyana mana cewa wata ƙwayar cuta ke jawo ta, wadda namiji kan ɗauka bai sani ba, ya sa wa matarsa.

Mijinta Bawa, manomin gero mai ƙarancin magana, ya zauna a ƙasa. "Ke nan ni na kawo mata?"

Daga kan gado Yaya ta ce, "Bawa, bar zancen ga. Ba ka sani ba."

Ba ta ga damina ta gaba ba.

Da rigakafin cutar ya iso garinmu, Bawa ne ya fara kai 'yarsu Saratu, yayin da wasu iyaye ke rufe ƙofa. Ya riƙo hannun ɗansu Habu shi ma. Ma'aikaciyar lafiya ta ce a yanzu 'yan mata kawai ake yi wa, ko da yake a wasu ƙasashe har da yara maza.

"To, matar da za shi aura fa?" in ji Bawa. "In akwai a Sakkwato, za ni kai shi."

Nakan tambayi kaina me Yaya za ta ce. Na san za ta yi murna da Saratu. Amma a wurinta ɗa da 'ya ɗaya ne, ko a rabon fura, don haka ba na jin za ta yi shiru a kan Habu.

Fuskarta ta fara dushewa a idona, wannan kuwa yana sa ni kuka. Abin da bai dushe ba shi ne yadda ta yafe wa Bawa tun kafin ya roƙa. Shi dai bai yafe wa kansa ba. Duk ranar kasuwa sai ya biya asibiti ya tambaya ko rigakafin maza ya zo.

Allah ya jiƙan Yaya Luba, ya sanyaya makwancinta.