Hula Biyu a Kan Tulu

Shekarun baya, zamanin da ake rushe gidajen da ke kewaye da Harami ana faɗaɗa shi, muna zaune a kan dutse ta bayan unguwar Jarwal, ni da maigidana da 'ya'yanmu uku. Ta Sudan muka zo, rabin tafiyar a ƙafa. Shi ruwa yake ɗauka. Garwa biyu da sanda a kafaɗa, zafa ake ce mata a nan, daga bazan ɗin ƙasa, wato wurin ɗiban ruwa, har gidajen da ke can sama. Ni kuma ɗinkin hula nake yi. Ban taɓa zama gaban allon boko ba, amma idan zancen allura ne, a lokacin babu macen da za ta zauna kusa da ni a unguwar nan. Wannan ba yabon kai ba ne, a tambayi waɗanda suka rage.

Wata rana umda, wato mai unguwa, ya aiko wa limaminmu da saƙo. Ya ce baladiyya, wato hukumar gari, za ta kafa mana sabon famfo, amma shi ya gaji da Takari arba'in, haka suke kiran mutanenmu, suna zuwa masa da magana arba'in. A fitar masa da mutum uku, su zama bakin unguwa. Su za su nuna inda za a kafa famfon, su kuma za su riƙa kula da shi da layin masu ɗiba, a riƙa ba su ɗan abin hannu.

Da maigidana ya dawo da labarin, ban bari ya gama cin tuwo ba na ce masa, "Malam, tsayawa takara za ka yi."

Ya ce, "Ni? Wa zai zaɓi mai ɗaukar ruwa?"

Na ce, "Wa ya fi mai ɗaukar ruwa sanin ruwa? Akwai ƙofar da ba ka taɓa tsayawa a bakinta ba a unguwar nan?"

Gaskiyar magana, ba girma nake nema masa ba. Kafaɗarsa nake ji. Wurin da sandar take zama ya yi kanta, ya yi baƙi kamar ƙasan tukunya, kullum sai na gasa masa da ruwan zafi na shafa masa man zaitun. Idan ya shiga cikin ukun nan, zai ajiye sanda. Abin da nake so ke nan, babu ƙari.

Mutum shida suka tsaya. Da yake yawancinmu ba mu karatu, dattawa suka tsara yadda za a yi. Za a jera tulu shida a ɗakin da ke jikin masallaci, a saki labule. Kowane ɗan takara zai cire hularsa, a kifa ta a jikin tulunsa. Kowane magidanci a ba shi ƙwallon dabino ɗaya, ya shiga shi kaɗai, ya jefa a tulun hular wanda yake so. Uku da suka fi yawan ƙwallo su ne.

Da na ji an ce hula, sai na ce to, zaɓe ya zo gidana. Na zauna kwana tara ina ɗinka masa sabuwa, fara mai shuɗin zane, zanen hasumiya, wanda ni na ƙirƙiro shi da kaina kuma nake ji da shi. Ina ɗinki ina cewa a raina, duk wanda ya shiga ɗakin nan idonsa a kan wannan zai fara sauka.

Abin da ya sha mini kai shi ne, kafin ƙaramar salla na ɗinka irinta sak, zare ɗaya, zane ɗaya, na sayar wa maƙwabcinmu na ƙasan dutse, wani Badamagare mai tsire. Shi ma yana cikin shidan. Ban manta na sayar masa ba. Kawai dai ban taɓa ganinta a kansa ba, kullum wata tsohuwa mai maiƙo yake sawa a bakin wuta. Ashe ajiye ta ya yi sai babbar rana.

Ranar Juma'a ce, bayan an sauko. Mu mata muna soron gidan liman, muna leƙe ta jikin katanga, na kawo kunun tsamiya tukunya guda. Ladan, dattijo ne mai raunin ido, ya bi 'yan takara ya karɓi hulunan ya tara a hannu ɗaya, ya shiga ya kikkifa. Su shida suka zauna a tabarma kai ba hula, rana tana dukansu, mutane suna ta yi musu dariya. Wani ya ce wa mai tsire, "Alhaji, ashe sanƙo kake ɓoye mana shekara da shekaru!" Ya ce, "Hayaƙi ne ya cinye, hayaƙin naman da kake ci bashi." Aka yi ta shiga ana fitowa. Na ga wasu suna daɗewa a ciki, suna fitowa suna sosa ƙeya, amma babu wanda ya ce uffan. Kun san namiji, ba zai fito gaban jama'a ya ce ya rikice ba.

Da aka gama aka ɗage labule, aka zazzage kowane tulu a gaban hularsa. Na farko da na biyu babu gardama, wani malami ne da wani tela. Sai wuri na uku. Tuli ne mai kyau a gaban farar hula mai shuɗin zane. Can gefe kuma, 'yan ƙwallaye da ba su cika tafin hannu ba, a gaban wata farar hula mai shuɗin zane.

Wuri ya kaure da hayaniya. Aka tambayi ladan wacce ce ta wa, ya ce wallahi shi dai ya kifa. Maigidana ya duba, mai tsire ya duba, kowa ya gwada a kansa, kai ɗaya gare su. Wasu suka ce a sake. Ɗan aiken umda, wani Balarabe mai gajen haƙuri, ya ce shi kafin la'asar zai koma da suna uku, rabin mutane ma sun watse. "Halas, an gama," in ji shi, "abin da ke gaban hula na mai hula ne." Dattawa suka yarda da haka.

Sai mai tsire ya ɗaga murya ya ce, "A kira Hajiya. Ita ta ɗinka duka biyun. Abin da ta faɗa na yarda, ko da matar abokin karawata ce."

Na ja mayafina na sauko.

Akwai abin da babu wanda ya sani a duniya sai ni. Duk hular da na ɗinka wa maigidana, nakan ɗaura ɗan jan zare a ciki, can ƙarƙashin kalmasa, ƙulli ɗaya kamar ƙwayar gero. Ba na yi wa ta sayarwa. Shi kansa bai sani ba.

Na durƙusa na ɗauki ta gaban tulin, na sa babban yatsa na bi kalmasar a hankali. Na zagaye. Babu komai. Na sake zagayawa, ko Allah zai sa. Babu. Na ɗauki ɗayar, yatsana bai yi nisa ba ya ci karo da ƙullin.

Ba zan yi muku ƙarya ba, na daɗe a durƙushe. Kalma ɗaya ce tsakanin mutumin nan da sandar nan. Babu mai iya ƙaryata ni. Har zuciyata ta kawo mini hujja mai kyau, ta ce ai rabin ƙwallayen nan nasa ne, rikicewa aka yi. Wataƙila ma gaskiya ta faɗa. Na ɗaga kai, na ga kafaɗarsa ta hagu da ta fi ta dama sauka. Na juya, na ga mai tsire yana tsaye hannu a baya, kai ba hula, ko kallon hannuna ba ya yi. Ta ƙofar ɗakin kuma ana hango hasumiyar Harami.

Liman ya ce, "Hajiya, muna saurare."

Na ɗaga mai jan zaren na ce, "Wannan ce ta gidana."

Mai tsire ya ce, "La ilaha illallahu. Malam, ni ban ji daɗin wannan ba. A sake kawai, ko mu biyu ne."

Maigidana ya karɓi hularsa daga hannuna ya kifa a kai, ya ce, "An gama. Allah ya taya ka riƙo. Amma ka tuna da mutanen sama." Ya fita bai dube ni ba.

Da na koma gida na same shi zaune a bakin ƙofa, hular tana hannunsa, ya juya cikinta waje. Na wuce zan shiga, ya ce, "Ke, zo. Da me kika gane?"

Na nuna masa. Ya kai ta kusa da ido, ya daɗe yana kallo.

"Tun yaushe kike sa wannan?"

Na ce, "Tun wadda na ɗinka maka a gonar auduga a Sudan."

Ya ce, "Shekara goma sha huɗu ina yawo da abu a kaina ban sani ba." Sannan ya ce, "Da kin faɗi ɗayar, da kullum na zauna a bakin famfon nan sai na ji kamar ruwan sata nake rabawa. Akwai sauran kunun?"

Babu sauran kunu, matan soro sun shanye tas. Sai da na dama wani.

A makon nan duk wanda na gamu da shi sai ya tsayar da ni ya ce, "Hajiya, wallahi ni mijinki na yi niyya." Da duk masu faɗin haka gaskiya suka faɗa, da ba na uku zai zo ba, umdan ma da shi aka naɗa. Har yau ban san ƙwallayen wa ke cikin tulin nan ba, kuma na daina son sani.

Famfon, mai tsire ya tsaya kai da fata aka kafa shi a tsakiyar dutse, ba a ƙofar shagonsa ba kamar yadda kowa ya zata. Hawan ya ragu da rabi. Amma maigidana bai ajiye sanda ba sai bayan shekara shida, lokacin da babban ɗanmu ya fara aikin mota. Shekara shidan nan ni ce mai gasa masa kafaɗa, kuma babu ranar da na sa hannu a wurin ban tuna da Juma'ar nan ba. Ban yi nadamar abin da na faɗa ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne girman kaina da zane ɗaya, da na ga ya yi kyau har na kasa yin wani. Tun daga ranar ban sake ɗinka hula biyu iri ɗaya ba, ko tagwaye aka kawo mini.

Maigidana ya rasu da daɗewa, Allah ya jiƙansa, mai tsire ma haka. Hular tana cikin akwatina. Shuɗin ya koɗe, idona kuma yanzu ba ya rabe ja da baƙi. Amma idan na sa yatsa na bi kalmasar, ƙullin yana nan inda na bar shi.