Lukmanu da Fankar Kwamfutar Rabon Ruwa

Ranar Talata, 14 ga Oktoba, 2025, jim kaɗan bayan azahar, ina bakin kanal ina duba ƙofar ruwa, Yusuf ya kira ni a waya ya ce yayansa, Lukmanu Maharazu, ya cika. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Kwana shida ya yi yana jinya, ya bar duniya yana da shekara talatin da tara. Bayan la'asar muka kai shi makwancinsa a Kura.

Lukmanu, mutanen Kura sun san ka da shagonka na gyaran kwamfuta kusa da tasha. Ni kuwa, da nake sakataren ƙungiyar manoman rani ta yankinmu a Bunkure, na san ka ne a makon da ya fi kowane mako tsanani a aikina.

Watan Afrilun bara ne, ana tsakiyar zafi. Ruwa ya ja baya a kanal, manoman da ke can ƙarshe suna zargin na kusa da ƙofa da cinye musu ranakunsu. Har an fara nuna wa juna yatsa a gonakin albasa. Aka sa taro ranar Asabar, aka ce in kawo jadawalin rabon ruwa a buge: sunan kowa, gonarsa, ranarsa da awoyinsa. Mutum ɗari huɗu da goma sha biyu, duk suna cikin wata 'yar ƙaramar kwamfuta ta ofishinmu, wadda akwatinta bai wuce tudun bulo ɗaya ba. Ita kuma ta ɗauki wani hali: minti goma da kunnawa sai fankar da ke sanyaya ta ta yi gurnani, kwamfutar ta mutu.

Na yi nawa wayon kafin in zo wurinka. Wani ya ce min zafi ne, sai na shiga Kano na sayo fanka mafi girma da na gani, mai dogon ƙarfe kamar hasumiya. Da aka ɗora ta, murfin akwatin ya ƙi rufuwa. Ranar Laraba na ɗauko komai a babur na kawo maka, na ce ka raka ni wurin mai walda ya yanke murfin.

Ba ka yi min dariya ba, ko da yake na ga ta zo maka har baki. Ka ce, "Baba Sakatare, ba girma ake nema ba, dacewa ake nema. Bari mu auna tukuna."

Ka ɗauko rula ta ƙarfe, ka auna daga saman furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, zuwa inda murfi yake sauka. Milimita hamsin da biyu. Ka rubuta a bayan kwali. Ka duba lambar furosesar ka ce mai cin wuta wat sittin da biyar ce, don haka duk fankar da za a sa dole ta iya ɗauke wannan zafin. Ka auna tazarar da ke tsakaninta da ram, wato ɗan allon ma'adanar da ke tsaye a gefenta, don kada fiffiken ƙarfen fankar ya tokare shi. Ka duba ramukan noti huɗu da ke jikin bod, wato babban allon da komai yake zaune a kai. Kana yi kana nuna min kowane abu da bakin sukundireba, kamar kana tsammanin gobe ni zan yi aikin.

Fanka biyu kake da su a shago masu gajeren tsayi. Ɗaya milimita hamsin da takwas, ta yi tsawo. Ɗaya talatin da bakwai, za ta shiga sarai, kuma ni a lokacin, da ka ɗaura min ita, da na yi godiya na tafi. Ka ƙi. Ka ce, "Wannan ta ƙananan furosesa ce, Baba. Za ta yi maka aiki da safe, ta kunyata ka da rana." Washegari ka rufe shagonka, ka tafi Kano da kwalin nan a aljihu, ka dawo da mai milimita arba'in da bakwai, wadda ke hura iska ƙasa, kuma take barin ɗan sarari tsakaninta da ramukan murfi don ta samu abin shaƙa.

A ofishinmu ka ɗaura ta, don ka ce kana son ganin inda kwamfutar take zama. Ka goge tsohon man ɗauke zafi da ya bushe a saman furosesa, ka ɗiga sabo kamar ƙwayar wake, ka ɗaure notunan a gicciye, kaɗan-kaɗan, har suka zauna daidai. Murfi ya rufu ba tare da an danna shi ba. Sannan ka hana ni mayar da kwamfutar cikin kabad ɗin ƙarfen da nake kulle ta, ka hura ƙaiƙayin shinkafar da ya toshe ramukanta, ka ce daga yau a kan tebur za ta zauna. Ka kunna ta da ƙarfe biyu na rana, ka buɗe duk abin da zai wahalar da ita, ka zauna kana kallon lambar zafin har la'asar. Ba ta mutu ba.

Ranar Asabar kowane manomi ya karɓi takardarsa a hannu. Da aka karanta, aka gano ranaku biyu ne suka hau kan juna a tsohon jadawalin hannu, kuma kuskuren nawa ne, ba zaluncin kowa ba. Na miƙe na faɗa a gaban jama'a. Aka gyara, ruwa ya isa ƙarshen kanal ranar Litinin, albasar mutane ta tsira. Yawancin waɗanda suka zo taron nan ba su taɓa jin sunanka ba. Yau ina so su ji.

Haka kake da kowa. Malama Sa'adiya, shugabar makarantar 'yan mata da ke unguwarku, ta gaya min a wurin zaman makoki cewa duk hutu kai kake zuwa ka share musu ƙurar kwamfutoci ba tare da an kira ka ba. Ina da yaƙinin mutumin da ya riƙe amana a abin da mai shi bai ma san yadda zai bincika ba, ya tafi da guzuri mai kyau.

Yusuf ya ce in sanar cewa ya buɗe shagon ya tarar da kwamfutoci tara, kowacce da sunan mai ita manne a jiki da rubutun hannunka. Bakwai ka gama gyarawa. Biyun da suka rage ka rubuta abin da ke damunsu, don wanda zai ƙarasa. Masu su su zo su karɓa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarka Iya Saude, da matarka Barira, da 'ya'yanka Rauda da Salim, da ƙanenka Yusuf. Allah Ya ba su haƙurin wannan rashi, Ya raya abin da ka bari cikin albarka. Allah Ya jiƙanka, Lukmanu, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljannar Firdausi ce makomarka. Idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.