Tayar da Na Ɓoye a Rumbu

Gyaran keke na yi duk rayuwata, har sai da idona ya daina ganin kafar basilla. Karatuna bai wuce na allo da ɗan yaƙi da jahilci ba, da shi nake wannan rubutu. Rumfata tana gindin wata tsamiya a bakin ƙauyenmu, daidai inda hanyar Minjibir ta fita ta ratsa gonaki.

Abin da zan faɗa ya faru ne a shekarun fari, lokacin da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, gyaɗa ta ƙi, rijiyoyi suka ja baya. Mutane suka sayar da jakuna da awaki. Ni kaina kekena na sayar muka ci. A shekarun nan taya ta ɓace daga kasuwa. Aikina ya koma ɗinki kamar na baduku. In taya ta yage sai in yanko ƙirgi in shimfiɗa ta ciki, in ɗinke da basilla da zaren buhu, in naɗe waje da tsohuwar roba. Tif kuwa, wato robar ciki mai riƙe iska, akwai wanda faci ya yi masa yawa har ba ka gane asalinsa.

Amma ina da sabuwar taya guda ɗaya da tif ɗinta, ko takardar jikinta ban kware ba. Tun kafin abubuwa su lalace na sayo ta a birni. Da na ga yadda ake nemanta sai na tura ta ƙasan rumbu, na rufe da ƙaiƙayi. Rumbun babu komai a ciki sai ita. Na ƙudura a raina cewa ranar da tukunya ta kasa hawa murhu a gidana, ita zan ba wani mai hali ya ba ni hatsi. 'Ya'yana huɗu ne a lokacin.

Ina da taubashi, ɗan ƙanwar babana. Tare aka yi mana kaciya, tare muka yi kiwo. Tunda ni ɗan namiji ne shi ɗan mace, bawana nake ce masa, shi kuma ya ce mini ubangidan banza. Ba mu taɓa gaisawa irin ta mutane ba. In mun haɗu a masallaci ma sai ya ɓoye mini takalmi. Yana da 'yar fari, yarinya wadda ba ta wuce shekara tara ba, mai surutu da waƙe-waƙen gaɗa. Kamar kowane uba a wajenmu, kunyar 'yar fari yake yi. Ba ya kiran sunanta, ba ya ɗaukarta, ba ya nuna ya san tana gidan. In ta faɗi a gabansa sai ya kau da kai, wani ya ɗaga ta.

Da bazara, zafi ya kai inda ya kai, sanƙarau ya shigo ƙauyukanmu. Wata safiya matata ta dawo daga gidan taubashina ta ce mini yarinyar ce ta kwanta, kwana biyu ke nan wuyanta ya ƙage, uwar sai kuka take yi a bayan ɗaki. Na ce Allah ya sawwaƙe, na ɗauki akwatin kayan aikina na fita.

Hantsi bai gama ɗagawa ba sai ga shi yana turo kekensa, tayar baya a kwance.

"Ubangidan banza, tashi ka yi wa bawanka aiki."

Na ce, "A wace maƙabarta ka tono wannan gawar?"

Ya yi dariya, amma iyakarta baki. Na kifa keken, na ɓanɓare tayar. Gefenta ya yage kusan tsawon yatsa, kuma wurin na riga na ɗinke shi har sau biyu. Robar ta mutu, in ka matsa sai ta tsattsage kamar busasshen ganye.

Na ce, "Ina zuwa da rana haka?"

Ya kalli gindin tsamiya ya ce, "Minjibir. Wata ce a gidan ba ta ɗan jin daɗi."

Iyakar abin da kunya za ta bar shi ya faɗa ke nan. Ba ranar kasuwa ba ce, babu motar da za ta biyo ta wajenmu. Jakinsa ya tafi tun kaka. Kekunan ƙauyen da ke motsi ba su fi a ƙirga da hannu ɗaya ba, kuma duk sun fita neman abinci.

Ya tsuguna kusa da ni yana wasa da ƙarfen ɓanɓare taya. Can ya ce, "Ubangida kamarka ai ba ya rasa sabuwa a ajiye. Fito da ita ka yi wa bawanka sutura."

Na san roƙo ne. Mutum ba ya roƙo saboda 'yar fari a fili, sai ya naɗe shi cikin wasa ya miƙo. Da na ga dama da na karɓa a yadda ya miƙo, in tashi in ce to bari in tufatar da bawa, ba wanda zai ji kunya. Sai na tuna da rumbu, na tuna da bakuna huɗu. Na mayar masa da wasan.

"Bawa da sabuwar taya? Gobe kuma sai ka ce in naɗa maka rawani."

Wasu dattawa biyu da ke zaune a inuwar suka yi dariya. Shi ma ya yi.

Na yanko ƙirgi na shimfiɗa, na fara ɗinki. Kowane huji na basilla ina jin robar tana saki a hannuna. Na goge tif ɗin da gwangwanin da na huhhuda da ƙusa, na shafa sulushan, wato gam, na manna faci. Ruwan da zan tsoma shi in duba ko yana yoyo babu, sai na kara a kumatuna. Na naɗe wajen da roba, na ba ta iska kaɗan-kaɗan. Aikin ya yi kyau a ido. Na san zai ɗauki mutum ɗaya a hankali da sanyin safiya. Na kuma san ba zai ɗauki mutum biyu a kan ƙasa mai zafi ba.

Ya danna tayar da babban yatsa. Sannan ya ɗago ya dube ni, babu dariya, babu ubangida.

"Za ta kai?"

Na ce, "Za ta kai ka ta dawo da kai, in dai ba ƙiba ka ƙara a hanya ba."

A shekarar da haƙarƙarin kowa yake waje na faɗi haka.

Ba a jima ba suka wuce ta gaban rumfata. An naɗe tsumma a kariyar bayan keken an zaunar da yarinyar, an ɗaure ta a bayansa da zanen uwarta, kanta ya sanƙare baya tana kallon sama. Dattawan nan suka sunkuyar da kai don kada ya ji nauyi. Uwar ta biyo su har ƙarshen dangar ƙarshe ta tsaya. Daga inda nake zuwa rumbuna taku kaɗan ne. Ina iya kiransa. Na bi tayar bayan da kallo har suka shiga kwana.

Sauran labarin ba daga bakinsa na ji ba. Bayan kwana uku wani manomi ya turo mini keken, ya ce a gidansa aka bar shi. Ya ce da rana tsaka, bayan sun haye busasshen rafi, ya ji ƙara kamar ta bindiga. Ya fito ya tarar da mutum yana kwance zane daga ƙirjinsa yana sake ɗaurawa, ya goya yarinya kamar mace, ya kama hanya a ƙasa. Bai ko tsaya shan ruwa ba. Da keke da sun isa kafin azahar. Sai bayan la'asar suka isa asibitin Minjibir.

Na duba tayar. Zarena bai tsinke ba. Robar ce ta yage ta bi layin hujin basillata, daidai yadda na san za ta yi.

Yarinyar ta rayu. Da suka dawo da ita ba ta ji. Uwarta ta buga kwano a bayanta ba ta waiwaya ba. Maganarta ma a hankali ta riƙa zubewa, har ta koma nuni da hannu. Na sha tambayar masu sani ko da an kai ta da wuri kunnen zai tsira. Wasu su ce watakila, wasu su ce Allah ne masani. Ba wanda ya taɓa ce mini a'a.

Sabuwar tayar kuwa, kafin damina na ba wani falken shanu daga wajen Shanono, ya ba ni gero. Ba zan yi ƙarya in ce ya tsaya mini a wuya ba. Na ci, na ƙoshi, 'ya'yana duka huɗu suka ga ruwan sama. Na auna kaɗan na ba matata ta kai gidan taubashina. Suka karɓa suka yi godiya.

Washegarin dawowarsu daga Minjibir muka haɗu da shi a ƙofar masallaci. Na buɗe baki zan ce bawana, sai ya riga ni.

"Malam, ina kwana? Ya iyali?"

Na amsa. Da na fito takalmina yana nan inda na ajiye shi.

Haka muka zauna shekaru masu yawa. Bai taɓa yi mini gori ba, bai daina zuwa suna ko jana'izar gidana ba, kekensa ma ni ya ci gaba da kawo wa. Malam kawai. Mutane suka ɗauka girma ne ya zo mana. Yarinyar ta girma ta yi aure a wajen Kunci. Duk sanda ta zo ganin gida sai ta biyo ta rumfata ta durƙusa ta gaishe ni da hannu tana murmushi, wani lokaci da ƙullin daddawa.

Sai da ciwon ajali ya kwantar da shi na iya zuwa. Da hantsi ne, yana kwance a zaure a kan tabarma. Na zauna na ce akwai maganar da na daɗe ina riƙe da ita. Na faɗa masa komai, da rumbun, da ƙaiƙayin, da takardar da ban kware ba.

Ya ce, "Ka manta wa ya hau ya gyara maka jinkar rumbun nan a shekarar? Na gan ta. Shi ya sa na zo wajenka."

Na ce ya yafe mini.

Ya ce, "Nawa na yafe tuntuni, Malam. Kai ma yara gare ka. Amma ba kunnena ba ne."

Bayan sadakar bakwai na je wajen 'yar tasa. Na zauna a gabanta na zana da'ira a ƙasa da yatsa, na nuna ƙirjina, na nuna kunnenta. Ta kalli zanen, ta kalle ni. Ta ɗauka kekena ne ya lalace nake neman taimako. Ta tashi da sauri ta kira mijinta.