Yadda Muka Ƙarasa Horon Sayen Auduga

Ina da aure da 'ya ɗaya lokacin da kamfanin da nake wa aiki ya zaɓe mu, ba mu kai goma ba, a horar da mu don mu riƙe kasuwannin auduga na ƙauyuka idan kaka ta yi. A wani sito a Tudun Wada ake karatun, tsakanin buhuna, ga sikeli a rataye.

Malaminmu tsohon akawu ne, Kirista daga gabas, wanda ya tsufa a Zariya har Hausa ta zauna masa a baki. Baba muke ce masa. Kowane mako sai ya ɗora ɗayanmu a kan sauran, shi zai raba aiki, ya koya mana abin da ya fi iyawa, ya sasanta idan an yi saɓani. Wani cikinmu, ɗan unguwar Gyallesu, ya nuna mana yadda ake gane audugar da aka yayyafa wa ruwa. Ni gyaran sikeli na koyar. Shi kuwa Baba yakan yafa tsohon mayafi ya zama manomin da aka ce audugarsa ba ta yi kyau ba, ya yi ta faɗa, mu kuma mu yi ƙoƙarin lallashinsa.

"Ku kalli fuskarsa kafin ku kalli buhunsa," in ji shi. "Damina guda ya ɗauko a ka."

Ana tsakiyar horon ya kwanta ciwo. Muka je duba shi asibiti, ya tambayi wa ke riƙe da makon. Muka ce babu kowa, don tun da ya kwanta zaman hira kawai muke yi. Ya juya fuska bango. Muka fito.

Washegari ɗan Gyallesun ya buɗe siton, muka ci gaba. Mako bai zagayo ba Baba ya rasu. Muka raka gawarsa, muka tsaya a bakin maƙabartarsu har aka gama.

Da Baturen kamfani ya zo, da niyyar sallamar mu ya zo, sai an sami wani malami. Ya tarar muna aiki. Ya tambayi wane ne shugaba a nan.

"Ranka ya daɗe, wannan makon ni ne," in ji ƙaramin cikinmu. "Mako mai zuwa wancan ne."

Baturen ya zauna a kan buhu yana kallo har azahar, sannan ya ce mu ƙarasa.

Da kaka ta yi aka rarraba mu. Ni aka tura ni wani ƙauye bayan Dutsen Abba. Kafin in tafi na je yi wa matar Baba sallama, na tarar tana ɗaure kaya za ta koma garinsu. Na taya ta ɗaukar akwati har tasha.