Akwatin da Inna ta Lulluɓe da Bargo

Shekarar da likita ya ɗora Baba kan allurar insulin, ni na ɗauki nauyin samo sanyi. Ciwon suga ya daɗe yana cinsa, ƙwayoyi sun daina yi masa aiki, aka ce sai allura safe da yamma. Aka kuma ja mana kunne cewa maganin ba ya son zafi, in ya sha zafi zai lalace, kuma ba lallai ido ya gane ba. To ga gidanmu a Farin Dutse, ga bazara ta kankama, wutar lantarki kuwa sai dai mu ji labarinta.

Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a Birnin Kudu, kuma ina da wani hali da matata ta gaji da shi: in na san abu, sai kowa ya san na sani. Na samo wani ɗan akwatin sanyi, na haɗa da sola da batir, na ɗaure a bayan babur na kama hanyar Gwaram zuwa gida ina jin kaina.

Akwatin ba shi da gas, ba shi da injin nan mai gurnani irin na firji. Wani ɗan faranti ne a cikinsa, bai kai tafin hannu ba. In wuta ta bi ta jikinsa sai fuska ɗaya ta yi sanyi, ɗayar ta yi zafi. Mai sanyin tana kallon ciki inda kwalaben magani suke, mai zafin tana waje, da 'yar fanka tana hura mata iska.

Na ajiye shi a ɗakin Baba na gyara murya kamar ina gaban allo.

"Baba, ai sanyi ba ƙera shi ake yi ba. Zafi ake kwashewa daga nan a zubar a can, kamar yadda ake kwarfe ruwa daga ɗaki da damina. Shi zafi, in an bar shi, daga mai zafi yake gangarawa zuwa mai sanyi. In ana so ya bi akasin haka, sai an tura shi da ƙarfin wuta."

"Madalla, Malam," in ji Baba. Haka yake ce mini in yana so ya tsokane ni. Kafin in kai ƙarshen bayanin har ya fara gyangyaɗi.

Wadda ya kamata ta ji wannan karatu Inna ce, mahaifiyata, don ita ke yi masa allurar. Amma ni ne ɗanta na fari. Ba ta faɗin sunana, ba ta zama inda nake zaune, in tana da magana da ni sai ta kalli bango ta ce, "A gaya wa wancan ga tuwonsa nan." Ni ma da wannan kunyar na tashi. Saboda haka duk bayanin da na yi, tana can bakin murhu. Na hau babur na koma.

Bayan mako biyu na dawo, na tarar da Baba ya zabge. Buta ba ta rabuwa da hannunsa, moɗa ba ta rabuwa da bakinsa.

"Malam, allurar nan taka ta zama ruwan rijiya," ya ce, yana ƙoƙarin dariya.

Na duba inda na bar akwatin, sai na ga wani tudu. Bargo biyu, buhu a ƙarƙashinsu, tsohon zane a sama, an cusa gefe da gefe tsaf, ko sauro ba zai sami hanya ba. Na yaye. Fankar tana ta fama, bayan akwatin ba ya taɓuwa. Na buɗe na ɗauko kwalba, ɗumi kamar an ciro ta daga aljihu. Zafin da farantin ke kwasowa ya rasa mafita, ya taru ya koma ciki.

Raina ya ɓaci, na ɗaga murya. "Wane ne ya yi wannan aikin?"

Daga tsakar gida Inna ta amsa wa bango. "A gaya masa haka ake yi wa ƙanƙara. Duk azumi in an kawo ta daga Gwaram, a buhu muke naɗe ta mu rufa mata bargo, ta kai magariba ba ta narke ba. Shi kuwa wannan, duk lokacin da na taɓa bayansa sai in ji zafi ya kama shi, sai in ƙara masa rufi."

A kan ƙanƙara ta fi ni gaskiya, don bargo yana tare zafin waje ne kada ya shiga. Sai dai shi akwatin daga jikinsa zafin yake fitowa. Na yi wa Baba karatun awa guda, ban ce wa kowa "kada a rufe shi" ba.

Muka ɗauki mota zuwa babban asibiti a Birnin Kudu. Sugan Baba ya hau sosai, aka ba shi gado, aka sa masa ruwa, aka kawo sabon magani. Kwana uku ya fara dawowa hayyacinsa, har yana gaya wa maƙwabcin gadonsa cewa a gidansa akwati ya fi maigida gata, shi bargo ɗaya aka taɓa rufa masa, akwati biyu.

Kowa ya yi dariya ban da Inna. Da na fito baranda sai na ji takunta a bayana. Ta tsaya kusa da ni, ba bango a gabanta, ta dube ni ido da ido. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin haka ba.

"Mako biyu ina yi masa allurar nan da hannuna," ta ce. "Ashe ba komai nake ba shi ba?"

"Inna, laifina ne. Ban gaya miki ba."

"Ban tambaye ka laifin wa ba." Ta gyara mayafinta ta zauna a kan bencin, ta matsa ta bar mini wuri. "Zauna ka gaya mini yadda abin nan yake aiki. Tun daga farko. Ni ba zan yi barci ba."