Motar da Ke Tsayawa a Ƙofar Clive Ombler

A ƙungiyar kiɗa ta Ƙayar Kifi ba a korar mutum da baki. Mota ce ke kora. Duk ranar wasa farar motar kaya takan zaga unguwannin garin Grimsby na Ingila ta ɗauki kowa a ƙofar gidansa, wanda kuma aka gaji da shi sai ta bi ta layinsu ta wuce, ko rage gudu ba ta yi. Ba wanda ya zauna ya kafa wannan doka. Tsirowa ta yi da kanta, kamar ciyawa a tsagin kwalta.

Clive Ombler, makaɗin gangunan ƙungiyar, ya fi kowa sanin dokar, don yana cikin motar duk lokacin da aka yi aiki da ita. Kujerarsa tana baya, gefen taga. Daga nan ya ga mai jitarsu na farko tsaye a bakin titi da akwatin jitarsa, ya ɗaga hannu, hannun ya rasa inda zai sauka. Daga nan ya ga wasu bayansa. Shi dai yakan zuba wa gwiwoyinsa ido har a sha kwana.

Ɗan masunci ne. Ubansa ya ƙare ƙuruciyarsa a jiragen kamun kifi, har aka wayi gari jiragen suna ɗaure a tasha suna tsatsa. Clive ya bar makaranta ya shiga kamfanin gyaran kifi, inda ya haɗu da Gaz Broddle, wani dogo mai bakin tsiya wanda bai iya waƙa ba kuma bai ga dalilin koyo ba. Lokacin da kiɗan punk, mai hayaniya da tawaye, ya iso garin, kowa yana cewa ba sai ka iya ba. Suka ɗauki maganar da gaske, Gaz ya zama mawaƙi. Faifansu na farko, Tasha Ta Mutu, a wani tsohon ɗakin ƙanƙara suka naɗe shi, sanye da rigunan sanyi, Clive yana buga ganga da sauri don yatsunsa su ji ɗumi. Daga baya masu rubutu a jaridun kiɗa suka ce wannan saurin shi ne tambarin ƙungiyar. Bai taɓa gyara musu ba.

Faifai na biyu ya kai su rediyo. Na uku, Ruwan Toka, an sa masa molon lantarki mai taushi, magoya baya suka ce sun sayar da kansu, wani ma ya aiko musu da nasa a farfashe cikin takardar naɗe soyayyen kifi. Suka watse, suka dawo, suka sake watsewa. Tsakanin nan Clive ya yi fentin gidaje, ya tuka motar burodi, ya auri Bev, wadda ta fara ganinsa a wata mashaya yana goge tofin 'yan kallo daga goshinsa, don a zamanin haka ake yaba makaɗi. Sai kuma Jamusawa suka tono tsofaffin fayafayan, aka fara gayyatarsu can, ga su da furfura da tumbi suna rera waƙar rashin aikin yi ga jikokin sa'anninsu. Fayafayan baya-bayan nan Clive ba ya iya bambanta su. Ya san dai ya buga a kowanne.

Hannun dama ne ya fara. Rawa kaɗan da safe, idan ya ɗauki kofin shayi. Likita ya faɗi sunan ciwon, Clive ya ce to, ya tambaya ko akwai wurin ajiye mota mafi kusa a zuwa na gaba. A wasan da suka yi a garin Hull, tsakiyar waƙarsu mafi sauri, sandar kiɗan ta kuɓuce masa ta faɗi. Ya ɗauki wata, ita ma ta bi ta. Gaz ya waiwayo sau ɗaya. A hanyar dawowa aka yi ta hirar ƙwallo, ba wanda ya ambaci ganga, kuma Clive ya san irin wannan hirar.

Asabar ɗin da ta biyo suna da wasan rana a wani biki a bakin teku. Ya tashi, ya aske gemu, ya sa baƙar rigar fatarsa wadda ta daina rufuwa a ciki tun tuni, ya zauna a falo da jakar sanduna a cinya.

"Ka kira Gaz mana," in ji Bev daga kicin. "Wayar ba ta cizo."

"Ba a kira."

"Wa ya ce?"

"Ba a dai kira."

"Tsofaffin banza. Kowannenku da katin tsofaffi na shiga bas kyauta a aljihu, amma kuna wasan 'yan makaranta." Ta ajiye masa shayi a gefe, rabin kofi, yadda take zuba masa yanzu ba tare da ta ce komai ba. "In ya wuce ka, wallahi sai na je har gida na fasa masa gilashi."

"Motar ƙaninsa ce."

"To gilashin ƙaninsa."

Ya nemi tsoro a ƙirjinsa bai samu ba. Ya nemi fushi, shi ma babu. Abin da ke wurin kamar dasashi ne bayan allurar mai cire haƙori: ka san naka ne, ka taɓa, ba ka ji. Ya fita ya tsaya a bakin ƙofar shinge. Ana yayyafi.

Motar ta shawo kwana, ta rage gudu, ta tsaya.

Gaz, da ke tuƙi, ya sauke gilashi. "Kai, gawa! Za ka shigo ko sai an kawo maka makara?"

Clive ya ja ƙofar gefe. A kujerarsa, gefen taga, wani mutum ne zaune, mai sanƙo, ya ba hamsin baya, da jakar sanduna a cinya irin tasa.

"Wannan Darren ne," in ji Gaz, yana kallon madubi. "Yaron kirki. Tun yana firamare yake jin faifanmu."

"Barka, Malam Ombler," in ji Darren. "Ni fa da Ruwan Toka na koyi ganga."

"Allah sarki," in ji mai jita daga gaba. "Shi ya sa."

Ba wanda ya yi dariya sosai.

"Ga yadda muka tsara, aboki," in ji Gaz. "Ka buga waƙoƙin farkon nan masu sanyi, ka ɗaga hannu, a yi maka tafi, yaro ya karɓa. Bayan nan ka zauna teburin sayar da rigunanmu, mutane suna son hoto da kai. Mun sa maka akwati a baya ka zauna a kai, da matashi ma. Matata ce ta bayar."

Clive ya leƙa. Ga akwatin tsakanin lasifikoki, an ɗora masa matashi mai zanen kyanwa.

"Ba mu da waƙa mai sanyi," ya ce.

"To, masu ɗan dama-dama."

"Gaz. Me ya sa ka tsaya?"

Gaz ya shafa fuska. Kunnensa na hagu akwai na'urar ji, irin wadda yake ɓoyewa kafin ya hau dandali. "Haba, kai ne fa. Na zo kwanar, ƙafata ta taka birki da kanta."

"Sauran ba ka tsaya musu ba."

"Lokacin muna yara, ba mu da kunya."

Clive ya tura ƙofar ta rufe. Ya matsa kusa da tagar direba, ya yi magana a hankali, kamar mai ba da kwatancen hanya. "Ka zagaya ta bayan shagon jarida ka dawo. Ka yi yadda ake yi."

"Kai mahaukaci ne?"

"Za ku makara."

Gaz ya daɗe yana dubansa. Sannan ya ɗaga gilashi. Motar ta tafi, ta ɓace a ƙarshen layi. Clive ya koma bakin shinge ya tsaya daidai inda yake da farko. Wata maƙwabciya ta wuce da karenta ta ce yanayin nan sai haƙuri, ya ce ai kuwa.

Motar ta sake shawo kwana. Wannan karon ba ta rage gudu ba. Gaz ya kafe ido a titi, mai jita yana duba wani abu a ƙasa. Darren kaɗai ya ɗago hannu daga taga, don ba wanda ya koya masa.

Bev tana tsaye a ƙofa, hannuwa naɗe a ƙirji.

"Shi ke nan?" ta ce.

"Shi ke nan."

"Shigo, kana jiƙewa."

Ya ce yana zuwa. Masu shara sun bar kwandon gidan a karkace a bakin titi tun jiya. Ya rataya jakar a kafaɗa, ya kama kwandon da hannun hagu, ya ja shi zuwa bayan gida.