Takardar Neman Yafiyar Malamina

Shekarun baya, lokacin ina da ɗan shagon kwamfuta a Gyadi-Gyadi, ƙungiyar tsofaffin ɗaliban firamarenmu ta ɗora mini kula da shafinta na intanet. Ba wai na iya ba ne, an dai duba an ga da babu gara ba daɗi. Ni kuwa har an fara ce mini injiniya ina amsawa.

Wata Asabar malaminmu na aji shida ya aika a kira ni gidansa a Tarauni. Na same shi a zaure kan tabarma, ya rame sai idanu. Mutumin da a da ko tarinsa muka ji sai aji ya yi tsit. Ya miƙo mini takarda da kyakkyawan rubutun nan nasa.

Ya ce, "Ka saka mini a wannan abin naku. Na daki 'ya'yan mutane da yawa, wani da laifinsa, wani kuwa fushin gida na huce a kansa. Sun watsu a duniya. Ina so su yafe mini tun ina ji da kunnena."

Na ce, "Ai Malam, yau ɗin nan za ta hau."

Na koma shago na buga ta tsaf, na danna maɓallin wallafawa. 'Yar da'irar nan ta yi ta juyawa, can sai aka ce an samu matsala. Na sake, haka. Na kashe kwamfuta na kunna, na canza layi, duk a banza.

A makon ne na liƙa wa shafin wata 'yar manhaja, irin wadda muke kira fulogin, mai nuna kwanan watan Musulunci a saman kowane rubutu. Ina ta alfahari da ita, don haka ko kusa ban zarge ta ba.

Kullum bayan la'asar sai Malam ya bugo waya. "An fara amsawa kuwa?"

"Sabis ne ba kyau, Malam."

"To, Allah ya kawo shi."

Kwana tara muna haka. Maƙwabcin shagona, wani Bayarabe haifaffen Kano, gina shafuka ne sana'arsa, taku biyar ne tsakaninmu. Amma injiniya guda ya je tambaya? Ko hoton takardar ban tura wa mutane ta waya ba, don kada a ce me ya sami shafin. Girman kai rawanin tsiya.

Ran na goma wayar ta zo da hantsi, sai na ji muryar ɗan Malam. Kafin azahar mun kai Malam makwancinsa.

Bayan addu'ar uku na shiga wurin maƙwabcina na gaya masa matsalar. Ya zuba mini shayi, ya ce, "Kashe fulogin ɗin duka, ka riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ka kunna abu ya tsaya, shi ne ɓarawonka."

Ashe kwanan watan nan nawa ne yake karo da wata manhajar mai tsara lokacin fitar rubutu, kowacce na ba shafin rana daban. Shayin bai huce ba takardar ta hau.

Ya ce, "Tun yaushe yake maka haka?" Na ajiye kofin shayin na koma shagona.

Kafin magariba saƙonni sun fara shigowa, daga Legas, daga Fatakwal, har daga Madina. "Mun yafe, Malam." "Wallahi ba mu riƙe ka da komai ba." Wani ya roƙi a ba shi lambar Malam, wai yana so ya faɗa masa da bakinsa. A nan na kifa kaina a kan tebur na yi kuka.

Tun daga ranar, abu in ya fi ƙarfina nan take nake cewa ban sani ba, kuma ban ga ya rage ni da komai ba. Amma har yau in na ji wani ya ce sabis ne, sai in tuna wayar Malam ta bayan la'asar. Malam ya nemi yafiyar ɗalibansa, sun kuwa yafe masa, bai dai ji ba. Ni da nake buƙatar tasa, ban san shafin da zan saka tawa takardar ya gani ba.